Jikar Attahir Daga Ƙasar Lakota

Malam Attahir ya yi shekarun aikinsa yana yi wa dabbobi allura a garuruwan Adar, sannan ya ajiye aiki ya zauna Tawa. Ɗansa Yunusu ya tafi Amurka tuƙin manyan motoci, ya auri wata mata a can, Allah ya yi masa rasuwa 'yarsa Huseina ba ta ko iya magana ba. Sai bana, da ta gama jami'a, ta zo ganin dangin ubanta. Ba ta jin Hausa, amma ta koyi Faransanci, da shi suke hira.

Wata rana bayan la'asar ya ce mata, "To amaryata, an ce uwarki Basiyu ce. Su wane ne su?"

Ta yi dariya. "Kaka, Siyu suna ne da wasu suka laƙaba mana. Mu muna ce wa kanmu Wuta Bakwai, don rassa bakwai ne, kowane da wutarsa a wurin taro. Na gabas Dakota, na yamma Lakota. Harshe ɗaya ne, sai dai inda wancan ya ce da, wannan ya ce la."

"Kamar mu da Kanawa ke nan."

Ta ce uwarta 'yar Oglala ce, reshen Lakota. Ta ba shi labarin yadda kakanninta suke bin garken ɓauna da bukkokin fata, har aka kashe ɓaunar, aka karɓe duwatsunsu masu alfarma, aka tsugunar da su a keɓaɓɓun filaye. Kakarta kuwa an ɗauke ta tana ƙarama zuwa makarantar kwana, aka yanke mata gashi, in ta yi yarensu a doke ta.

"Duk da haka ta riƙe sunayen kakanninta, ta koya mini. To ta wajen Baba fa? Mu su wane ne?"

Attahir ya buɗe baki ya ce Adarawa, daga nan ya tsaya. Ya san sunan kakansa, bai san na gaba ba. Yayarsa Raƙiya ce ta san komai: inda suka fito, dalilin da wasu suka zauna Bambeye wasu suka wuce Takanamat da awakinsu, da kirarin gidan. Sa'ad da yake sabon ma'aikaci, in ta fara, sai ya ce, "Yaya, bar zancen mutanen da, ina sauri." Babu wanda ya taɓa dukansa a kan wannan. Shi ne dai bai zauna ba.

Washegari suka shiga mota zuwa Bambeye. Suka iske Raƙiya kwance a tabarma, tsufa ya cinye ta, ko shi ba ta gane ba. Amma da ta shafa fuskar Huseina sai ta ce, "Wannan goshin na gidanmu ne."

"Yaya, ɗiyar Yunusu ce. Yi mata kirarin gida."

Tsohuwar ta ɗaga kai. "Jikan mai rijiya bisa dutse, wanda ya shayar da baƙo kahin..." Ta tsaya nan, leɓɓanta suna motsi. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wurin. Sannan ta nemi a ba ta hura.

Huseina ta naɗi muryar a wayarta. A hanyar komawa ta tambaye shi ma'anar, ya fassara mata.

"Kafin me, Kaka?"

"Ban sani ba, jikata."

Bayan ta koma Amurka, Attahir ya je Takanamat neman wani tsoho da aka ce ɗan'uwansu ne. Aka ce masa ya rasu bara da damina, 'ya'yansa kuma suna Agadas. Ya zauna ƙofar gidan har rana ta yi sanyi, sannan ya tashi ya nemi motar Tawa.