Alhaji Ya'u Ya Biya

Ana tsakiyar addu'ar arba'in ta Alhaji Ya'u, liman ya ɗaga hannu jama'a na amsawa da amin, sai wayar Ticha Issifu ta motsa a aljihu. Da ya ƙyale ta, da ya ci shinkafar sadakarsa hankali kwance. To amma mutum da waya sai Allah. Ya zaro ta a ƙarƙashin riga ya leƙa. Saƙo ne daga manhajar da yake karɓar kuɗin lesin da ita, gajere kamar kullum: Alhaji Ya'u ya biya kuɗin wannan wata.

Ya sake karantawa. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar da ta toshe lungun nan na unguwar Mamobi, ya dubi mutanen da suka zo yi wa mamaci addu'a. Shi da hannunsa ya zuba wa Alhaji ƙasa. Amin ɗin ma ta ƙi fita daga bakinsa.

Issifu ba malamin gwamnati ba ne. Benci uku gare shi da farin allo a barandar ɗakinsa a unguwar Nima, nan yake koya wa yara lissafi da Turanci bayan an tashi makaranta, wasu kuma ya bi su gida. Koyarwar ba ta taɓa ba shi wahala ba, karɓar haƙƙinsa ne bala'i. “Ticha, ka dawo gobe.” “Ticha, mai gidan ya fita.” Ga shi mutum mai kunyar tsiya, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya ƙofar wani yana murza hula. Da ya samu manhajar nan sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Uba zai shigar da lambar katinsa na banki sau ɗaya tak, daga nan duk wata kuɗin su cire kansu su faɗo cikin wayar Ticha, ba sallama, ba kame-kame.

Sai dai a Nima, duk wanda ya ce a ba shi lambar kati sunansa ɗan sakawa, irin samarin nan masu damfara ta waya. Iyaye suka noƙe. Alhaji Ya'u, dillalin albasa mutumin Nijar, wanda Issifu ke koya wa 'yarsa Bilkisu, shi ya fasa wannan tsoro. A ƙofar masallaci, gaban kowa, ya zaro katinsa ya miƙa, ya ce in dai Ticha ɓarawo ne to a kulle Nima a jefar da makulli. Daga ranar sauran iyaye suka biyo baya. Abin da Issifu ke ci, da shi da matarsa Zelia, duk a kan wannan shaida yake.

Da Alhaji ya rasu, ƙanensa Sumaila ya zo daga Nijar don kula da gida da gado. Tun ranar bakwai ya ja Issifu gefe ya ce a dakata da lesin ɗin Bilkisu sai an yi rabo. Issifu ya ce to, bai sake taka gidan da littafi ba. Batun kati kuwa ko a ransa. Shi a tunaninsa kati yana mutuwa tare da mai shi, kamar yadda ake ninke rigunan mamaci a ajiye.

Ya ja saƙonnin baya. Ga shi nan, watan jiya ma Alhaji ya biya. Kuɗin sun shige cikin na sauran iyaye bai lura ba, ya cire ya sayi buhun shinkafa da magungunan Zelia, wadda cikinta ya tsufa. Dukiyar marayu ce ya ci, ya kuma ciyar da iyalinsa, ba tare da ya koya wa yarinya ko harafi ɗaya ba.

Bai gama haɗiye wannan ba Sumaila ya miƙe, dogo, baƙi, da takardar banki a hannu.

“Jama'a, a yi haƙuri, ina da magana,” in ji shi. “Na je banki an nuna mini wani yana zarar kuɗin yayana bayan ransa. Babu sunan mutum, sunan wani kamfani ne da Turanci. Sun ce in rubuta ƙorafi in jira. Ni ba na jira. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu ja Yasin a gidan nan, a kan wanda ya ci, da duk wanda ya ci a hannunsa.”

Rumfa ta ɗauki salati. Wani ya ce aikin 'yan sakawa ne, Allah ya tona musu asiri. Sumaila ya waiwayo, idonsa ya sauka a kan Issifu, fuskarsa ta yi laushi.

“Ticha, kai ma kana cikin masu karatun. Marigayi ya yarda da kai ƙwarai.”

“In sha Allahu, Alhaji,” in ji Issifu. Shi kansa bai gane muryarsa ba.

Bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi Nima ba. Ya tarar da Zelia a baranda tana tsince shinkafa, daga buhun nan kuwa. Ya zauna a benci ya faɗa mata komai. Ta ajiye faranti a hankali.

“Wa ya sani ban da kai?”

“Babu.”

“To ka mayar musu ta wayar, shiru, magana ta ƙare.”

Ya buɗe manhajar a gabanta. Tsayar da biyan Alhaji bai ɗauke shi komai ba, taɓawa ɗaya ce, abin har ya ba shi haushi. Mayar da kuɗin ne ya gagara. Manhajar cirewa kawai ta iya, ba ta da hanyar mayar da kuɗi cikin katin da ta cira.

“Ka nemi rance ka haɗa, ka sa a ambulan, ka jefa musu a gida,” in ji Zelia. “Ticha, ka san mutanen nan. In ka buɗe baki ba wanda zai ce kuskure ne. Za su ce dama mun faɗa. Wane uba zai bar katinsa a hannunka? Me za mu ci, ga haihuwa a ƙofa?”

“Ko na jefa, sai an ja Yasin ɗin. Sumaila bai ce wanda ya riƙe ba, Zelia. Cewa ya yi wanda ya ci, da wanda ya ci a hannunsa.”

Ta dubi farantin shinkafar, ta ɗora hannu a kan cikinta. Ranar kuwa koko suka sha da dare.

Tsoro ya zauna wa Issifu a ƙirji ya ƙi tashi. Yana cikin koya wa yara rabawa sai lissafin ya ɓace masa, ya tsaya riƙe da alƙalamin allo kamar baƙo. Akwai wani mutum da ke kwana a bakin babbar kwatar Nima, tsumma a jiki, yana hira da iska. Tun Issifu na yaro ake cewa Yasin ce ta ci shi a kan kuɗin masallaci. Da can dariya yake yi wa zancen, ya ce ciwo ne kawai. Yanzu hanya yake sakewa don kada su haɗa ido. In Zelia ta ce wash, ko don bayanta ya ƙage, sai ya zabura ya tambaye ta ko lafiya. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya ranar Juma'a. To in bai je ba, ai ba fasawa za a yi ba. In kuma ya je ya yi shiru, da bakinsa zai karanta wa matarsa da abin da ke cikinta.

Juma'a ta zo. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Alhaji, malamai sun jeru, an bar masa gurbi kusa da liman. Issifu ya ce a ba shi minti kaɗan ya gaida Hajiya Lauratu, matar marigayi, wadda ke takaba. Ba gaisuwar ce ta dame shi ba, ƙafafunsa ne suka ƙi kai shi tabarmar. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu.

“Hajiya, ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Ticha. Ka ɓuya.”

Ya buɗe baki zai ce ayyuka ne, sai gaskiya ta riga shi fita. “Hajiya, kuɗin nan da ake nema, wurina suke shiga. Na lesin ɗin Bilkisu ne. Wallahi ban sani ba sai ranar arba'in.”



“Na sani,” in ji ta.

“Kin sani?”

“Wayar Alhaji tana hannuna. Ranar da ta fara ƙara, na ba Bilkisu ta karanta mini, ta ce Baba ya biya Ticha. Muka zauna muka yi ta kuka. Mutum yana kabari yana biya wa 'yarsa karatu, ni ce zan hana shi? Na ɗauka kai ma ka gani, za ka zo. Yarinyar nan kullum la'asar sai ta fito da littattafanta ta zauna a dakali. Ga jarrabawa ta matso.”

“Alhaji Sumaila ne ya ce in dakata.”

“Shi ya ce. So yake ta bar boko ta zauna masa a rumfar albasa tana rubuta buhuna. In ya ji na sani na yi shiru, ba ni da sauran baki a kan 'yata.” Muryarta ta karye. “Tun ranar arba'in ban yi barci ba, Ticha. Ban san ko ni ma Yasin ɗin za ta haɗa da ni ba.”

“Na riga na tsayar da biyan, Hajiya. Ba za a ƙara cirewa ba.”

“Ka tsayar?” Ya ji ta ja numfashi. “To. Wayar ba za ta ƙara yin ƙara ba ke nan.”

Daga tsakar gida sai ya ji liman ya yi gyaran murya, ya ji an yi bisimilla, muryoyi suka tashi tare. Sun gaji da jiransa, sun fara.

Issifu bai san lokacin da ya miƙe ba. Takalmi ɗaya a ƙafa ya faɗo tsakar gida.

“Ku dakata, don girman Allah. Ni ne.”

Karatu ya tsinke a tsakiyar aya. Ya tsaya a gabansu, ya yi bayanin kati, da yadda yake cire kansa, da yadda ya zaci ya mutu da mai shi. Ya zaro abin da ya shigo ranar arba'in ya ajiye a gaban liman, ya ce na watan jiya ya ci, zai biya. Yana magana yana jin yadda zancen ke fita kamar ƙaryar da aka shirya.

“Kai?” in ji Sumaila a hankali. “Kai da yayana ya tsaya maka a ƙofar masallaci? Ka zauna a rumfar nan ka ji ni, ka ce mini in sha Allahu?”

“Tsoro ne, Alhaji.”

“Wa kuma ya sani a gidan nan?”

Issifu bai kalli wajen labule ba. “Laifina ne ni kaɗai,” in ji shi.

Liman ya rufe Alƙur'ani, ya ce wanda ya fito da bakinsa ba a ja masa Yasin, a yi wa mamaci fatiha a tashi. Aka shafa. Malamai suka nemi takalmansu, babu wanda ya ba Issifu hannu.

Labari ya riga shi isa Nima. Kafin ya kai gida wayarsa ta fara motsi a aljihu, ta yi shiru, ta sake. Bai buƙaci dubawa ba, iyaye ne ke cire katinsu ɗaya bayan ɗaya. A wajen mai kanti ya ji wata na cewa dama ita tun farko ba ta yarda da abin nan ba, ko mamaci bai tsira ba. Zelia ta tare shi a baranda, ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafarsa mai takalmi ɗaya.

“An ja?”

“Ba a ƙarasa ba.”

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shiga ta ɗora shinkafa.

Ranar Litinin ya goge allo, ya jera benci kamar kullum, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. La'asar ta yi, ta wuce. Yaran da ke cika barandar suka bi ta lungu da kayan makaranta, wasu suka sunkuyar da kai, wasu iyayensu sun ce su bi ta baya. Har ya fara tattara alƙaluma sai ya ji sallama.

Bilkisu ce, da hijabi fari da littattafai rungume a ƙirji. Ta zauna a bencin gaba, wurin da babu kowa, ta buɗe littafin lissafi.

“Baffanki ya san kin zo?”

“Ya tafi kasuwa.”

“Bilkisu, kin ji abin da ake faɗa a kaina. Kuma ni yanzu ban san yadda za a yi da…”

“Mama ta ce kada ka damu, Ticha,” in ji ta, tana neman shafin da suka tsaya. “Ta ce Baba ya riga ya biya.”