Amalanke a Gari, Sa a Ƙauye

Sai da Yahuza ya zuba wa san sanda uku kafin ya yarda ya bar ƙofar gidan Dodo. Da ya taka ma, taku biyar ya yi ya waiwayo, don tun da aka kawo shi Rijiyar Dado ba wanda ya taɓa jan igiyarsa sai tsohon. Ta bayan darni ana jin Dodo yana kakarin amai, matarsa Yagana tana jera masa sannu.

"Kada ka doke shi, Yahuza," in ji Dodo daga inda yake kwance. "Sunansa za ka kira. Jatau."

Yahuza ya ce to, Baba. Ya kira sunan, san ya bi shi.

Ƙabar da Dodo ya shekara goma yana mayarwa da hannunsa ce ta sauka tun jiya da la'asar, ta ƙi komawa. Cikinsa ya kumbura, ko ruwa ba ya zama. Da safe an gwada ɗora shi a kan jaki, yana zama ya sume. Mazan da za su ɗauke shi a kafaɗa kuwa duk sun tafi Tudun Aduwa tun hantsi bai fito ba, don samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, ta yi shela cewa kumandan, sojan da ke mulkin yankin, zai zo, kuma duk namijin da aka gani a gida ya kuka da kansa. Tsofaffi da mata aka bari. Abu ɗaya ya rage, a je gari a ɗauko amalanken marasa lafiya, tafiyar kilomita bakwai cikin rairayi.

Yadda aka yi amalanke ke gari, sa ke ƙauye, labari ne da Yahuza ya fi kowa sani. A cikin 1981 wani poroje na raya karkara ya ba Tudun Aduwa da Rijiyar Dado amalanke ɗaya da sa ɗaya, su riƙa kai marasa lafiyarsu gidan likita. Aka kafa komite na haɗin gwiwa, mutum shida daga gari, uku daga ƙauye, don lokacin ko wurin ɗaure jaki sai an yi masa komite. Zama bakwai suka yi a kan inda za a ajiye kayan. Mutanen gari suka ce su ke da mangaza, ɗakin ajiya mai kwano. Mutanen ƙauye suka ce su ke da marasa lafiya. A zama na bakwai Yahuza, delegen Rijiyar Dado, wato wakilinta, ya miƙe ya gyara hula, ya ce gari ya riƙe amalanke, ƙauye ya riƙe sa, kowa ya samu rabonsa. Aka tafa masa, sakatare ya rubuta da sunansa. Ya dawo gida yana jan san, mata suna guɗa, shi kuwa kansa ya yi girman da hular ta kusa ƙin zama.

Maƙwabcinsa Dodo ne kaɗai bai yi masa barka ba. Ya zagaya san, ya duba haƙoransa, ya ce to in mutum ya kwanta, a kan ƙahon za a rataye shi? Aka yi dariya, aka ce Baba Dodo ba ya rasa magana. Shi aka ba kiwon, tun da ya san dabba, kuma 'ya'yansa maza biyu suna can garin Arlit. Shekara biyu yana ba san harawar gonarsa, yana cire masa kaska da hannu. A shekara biyun nan sau huɗu Jatau ya ga amalanken: sau biyu ya ja sumunti zuwa sabon shagon parzidan, shugaban komite, sau biyu ya ja kujerun taro.

Rana ta ɗaga lokacin da Yahuza ya shiga Tudun Aduwa. Ranar kasuwa ce. An share titi, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, 'yan lakwal, yaran makaranta, suna tsaye a layi da tutocin takarda. Gidan likita ya fara zuwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya saurare shi yana ɓalle maɓallin farar rigarsa, da ya ji maganar amai sai hannunsa ya tsaya. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, aikin wuƙa ne, sai asibitin Tanout ko na Damagaram. Kamyon kasuwa, babbar motar kaya, yana tashi da la'asar, in an kawo tsohon kafin nan zai sa shi a gaba. Shi kansa ba halin ya bar gari yau, sunansa na cikin masu gaisuwa.

Har Yahuza ya juya, Majo ya kira shi ya rage murya.

"In ka samu fuska, ka gaya wa kumandan da bakinka. Motarsa ta bayan ƙauyenku take yankewa in za ta koma, kuma bayanta babu kowa."

A ƙofar mangaza ya tarar da Alhaji Zakari, parzidan ɗin komite, cikin babbar riga mai amon sitaci. An fito da amalanken, an shafa masa fenti kore da ruwan goro, an ɗaura masa tutoci huɗu, an shimfiɗa sabuwar katifa. Alhaji yana ganin san ya washe baki, ya ce daman shi ake jira, yau za a nuna wa kumandan yadda gari da ƙauye suka zama tsintsiya ɗaya. Yahuza ya ce ba don wannan ya zo ba, ya faɗi halin da ya baro Dodo. Alhaji ya yi salati, ya ce Allah ya ba shi lafiya, mutumin kirki ne. Sannan ya ce fentin bai gama bushewa ba, baƙo kuma yana kan hanya, an ce an ga ƙurar motarsa. Rabin awa kawai. Ana gamawa ya ɗauka ya tafi.

Yahuza ya ce tafiya da dawowa awa huɗu ce, in bai tashi yanzu ba kamyo zai tafi. Ya ce in ba a ba shi ba, zai gaya wa kumandan. Alhaji ya dafa kafaɗarsa kamar ɗan'uwa, ya ja shi inuwar kwano.

"Ka gaya masa mana, Delege. Sai ya tambaya me ya raba amalanke da sa. Sai a buɗe littafi. Ni dai na san ba sunana ne a wurin ba." Ya gyara masa wuyan riga. "Waɗannan mutane masu kaki ba su san wasa ba. A gaban matan ƙauyenku za su zaunar da kai a rana."

Rabin awar Alhaji ta kai azahar. Mutane suka yi salla a gaggauce suka koma layi. Wata yarinya 'yar lakwal ta faɗi don rana, aka ja ta gefe aka cike gurbinta. Jatau yana tsaye cikin karkiya tun hantsi, yawu na dalala daga bakinsa, ba wanda ya yi tunanin ruwa. Yahuza yana riƙe da igiya, yana duban inuwar kamyo tana rarrafawa gabas. Sau biyu ya yi niyyar ya ja san ya kama hanya da amalanken, tutoci da komai. Sau biyu ya dubi gardi biyu, dakarun gwamnati, da ke gindin aduwa da bindigoginsu, ya tsaya inda yake.

Da motar ta iso, garin ya kaure da kiɗa. Aka yi jawabi uku, kowane ya ce haɗin kai aƙalla sau goma. Sannan aka zo kan abin da komite ya kwana biyu yana shiryawa. Sule mahauci, ɗan ƙanwar Alhaji, ƙato mai wuya kamar turmi, aka naɗe wa kai da bandeji aka kwantar a kan katifa. Aka ce wa Yahuza ya ja. Ya ja amalanken daga bakin kasuwa zuwa ƙofar gidan likita, taku ɗari biyu, Sule yana riƙe da ciki yana wayyo Allah, yana buɗe ido ɗaya ya ga ko ana kallonsa. Kasuwa ta yi ta dariya. Majo ya fito ya karɓi majinyacin, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Sule ya diro da ƙafarsa ya yi rawa, wai ya warke, aka tafa.

Kumandan ya taso da kansa. Saurayi ne ma, siriri, da gumi a wuyan kakinsa, kuma Hausarsa ta fita sarai. Ya shafa ƙahon Jatau, ya ce wannan sa ya samu mai kula da shi. Ya juyo ga Yahuza.

"Kai ne delegen ƙauyen? Yaya aikin yake tafiya? Akwai wata damuwa?"

Motar tana nan taku goma, direba yana goge gilashi. Majo ya tsaya a bakin ƙofa yana duban Yahuza. Alhaji kuma yana bayan kumandan, sakatare a gefensa da littafin a hammata. Yahuza ya ji maganar ta taso har maƙogwaronsa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

"Babu, ranka ya daɗe," ya ce. "Lafiya lau."

Kumandan ya ce madalla, ya ce zai ba da labarinsu a sauran garuruwa. Aka wuce da shi wurin gasasshen rago.

Ko bayan nan ba a sallami Yahuza ba. Dokar komite ta ce amalanke ba ya fita gari sai da takarda mai hannun parzidan da na delege, sakatare kuwa yana cikin masu cin nama, kuma ba a katse babba yana ci. Yana nan tsaye motar kumandan ta tashi. Yana nan tsaye kamyo ya yi oda sau uku, ya fita ta hanyar gabas da buhunan gero da awaki. Sannan sakatare ya fito yana sakace, ya rubuta takardar a tsanake, ya kama babban yatsan Yahuza ya dangwala. Alhaji ya sa aka cire katifar, ya ce ta aro ce. Ya ce a gai da Baba Dodo, a kuma kula da fentin.

A hanya bai doki san ba, bai kuma kira sunansa ba. Jatau ya san inda za shi. Sawun tayar motar yana gabansu a kan rairayi, sabo, har ya kai kusa da rijiya, ya karkata arewa ya bar ƙauyen a hannun dama. Daga wurin zuwa gidan Dodo ko jifa uku ba a yi.

Rana ta yi ja lokacin da suka iso. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman yana zaune da tsofaffi huɗu. Aghali, Buzun da ke shayar da raƙumansa a rijiyar ƙauyen, yana karkaɗe ƙasa daga hannun rigarsa, shi da ƙannensa biyu ne suka haƙa kabarin, don babu wani mai ƙarfi a ƙauyen. Ba wanda ya tambayi Yahuza abin da ya tsare shi. Suka dubi tutocin, suka dubi fentin, suka amsa sallamarsa.

Yagana ta fito da ƙwarya a hannu, mayafinta a ka. Ya durƙusa ya ce, Inna, ya haƙuri. Ta ce haƙuri sai Ma'aiki, ta ce ta ga an sha rana. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ce tsohon bai cika ba sai bayan la'asar, kuma har lokacin yana cikin hankalinsa.

"Da ya ji ƙugin mota sai ya ce in tashe shi zaune, in ba shi hularsa. Ya ce, kin ji, Yahuza ya yi magana." Ta juya ƙwaryar a hannunta. "Muka yi ta saurare har ƙugin ya ɓace. Sai ya ce in cire hular."

Yahuza ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ba ni ce kumandan ba, Delege, ba sai ka gaya mini komai ba. Saƙo ɗaya ya bar maka. Ya ce in kun dawo a ba Jatau ruwa, ya san a can ba wanda zai tuna."

Ta miƙa masa ƙwaryar ta koma ciki. Liman ya ce a tashi kafin magariba ta riske su. Wani tsoho ya dubi amalanken ya ce ko a yi amfani da shi, tun da hannu ya yi kaɗan. Aghali ya ce a'a, su uku ne, ga Yahuza na huɗu, kafaɗa ta isa.

Da suka fito da makarar sai da suka raɓa ta gefe, don Jatau ya riga ya nufi turkensa da amalanken a bayansa. Ƙofar darnin ta yi wa tayoyin kaɗan, sai suka cije. San ya tsaya haka, kansa a cikin gida, amalanke a waje, tuta ɗaya ta karye tana lilo. Ya miƙa wuya iya tsawonsa wajen kwamin da Dodo ke zuba masa ruwa, yana shinshinar busasshen katakon.