Ki Sha Ƙamshi

"An ce in sha, na sha," in ji Inna, tana zaune a bakin gado ta dafe ciki. "To ina laifina a nan?"

Gwaggo, ƙanwar marigayi mijin Inna, ta ce ita ba shan ne ya dame ta ba, zagin ne. A ina aka taɓa jin yarinyar da ko shekara ba ta rufa a gidan miji ba ta aika wa uwar mijinta cewa tana shan ƙamshi? Wato Inna ce mai girman kai, mai ɗaure wa mutane fuska ke nan.

Matar Auta tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a hannu, ko zama ba a ce ta yi ba. Aike aka yi mata ta zo maza, ta baro wanki a jiƙe. Ta dubi Inna, ta dubi Gwaggo, ta kasa gane wanne daga cikin laifuffukan biyu ne nata.

Ga yadda abin ya faro. A kusurwar ɗakin nan akwai keken ɗinkin marigayi, shekara huɗu yana lulluɓe da tsohon zanen gado. Matar Auta ta koyi ɗinki a gidansu amma ba ta da keke, kullum ta zo gaisuwa idonta na can kusurwa. Gwaggo ma tana so wa 'yarta, wadda ko maɓalli ba ta iya dasawa ba. Inna kuwa ta ce ba za ta ba kowa ba sai wanda ta ga hannunsa.

Shi ne matar Auta ta zauna kwana uku da allura da zare, ta ɗinka ɗan tsuntsu da ƙyallen jan yadi, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ta cusa masa auduga da kanumfari da busasshen ɓawon lemu, ta kankare sabulu mai ƙamshi ta ƙara, ta ɗiga turare, ta yi masa 'yar igiyar ratayewa a baya. Nufinta Inna ta juya shi ta ga ɗinkin. Ta ba mijinta, Auta, direban motar haya, ta ce ya gaya wa Inna ta rataye shi a kan gadonta ta sha ƙamshi.

Auta mutum ne da magana ke yi wa nauyi kamar kaya. Rabin saƙon ya zube a hanya. Ya tsaya a ƙofa, mota na kunne, ya miƙa ya ce, "Ta ce ki sha ƙamshi." Ya ja motarsa.

Inna ta shinshina, ta ji kanumfari, ta ga igiya irin ta ganyen shayin kanti, ga shi dama ta yi wata tana kukan gwiwa. Ta ce Allah sarki, yarinyar nan ta ji tausayina. Ta jefa tsuntsu a tukunya.

"Kin dafa shi, Inna?" in ji matar Auta.

"Sau uku. Na farko ya fi kumfa."

Matar Auta ta ce ai da sabulu a ciki. Inna ta ce to shi ya sa, don kwana biyu ke nan ita da banɗaki kamar an ɗaura musu aure. Gwaggo ta cafe: kun ji ko, ta amsa da bakinta, ta zagi tsohuwa sannan ta ba ta sabulu. Inna ta ce a'a, a bar zancen sabulu, gwiwar dai ta yi sauƙi. Gwaggo ta ce gudun zuwa banɗaki ne ya sake ta, ba magani ba.

Matar Auta ta soma bayani. Ta ce ba na sha ba ne, na sha ne dai amma da hanci. Inna ta tambaya ko ta hanci ya kamata ta ɗura. Ta ce a'a, ratayewa ake yi. Inna ta ce ta rataye shi mana, bayan kowace dahuwa a ƙusar taga take shanya shi. Gwaggo ta ce duk wannan kwana-kwana ce, a tsaya a kan kalmar: ta ce shan ƙamshi ko ba ta ce ba? Matar Auta ta ce ta ce, amma ba wancan shan ƙamshin ba. Gwaggo ta tambaya guda nawa ne. Nan yarinya ta tsaya tana lissafi a zuci, ta samu uku, ta rasa wanda za ta fara da shi.

Aka kira Auta a waya ya yi shaida. Ya ce shi dai abin da aka ba shi ya kai, kuma yana da fasinja. Ya kashe.

Matar Auta ta ji hawaye na taruwa. Kwana uku tana soke yatsa, ga keke can a lulluɓe ko kallonsa ba ta iya yi yanzu. Ta ce a ba ta tsuntsun kawai ta tafi da shi.

Inna ta miƙa hannu ta ciro shi daga ƙusa. Jan ya koma ruwan hoda, ya motse, baki ya karkace kamar an mare shi. Har za ta miƙa sai ta tsaya. Ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga, ta bi gefen fiffike da farce. Ta ja da ƙarfi. Ta sake ja.

"Da keken wa kika yi wannan?"

"Da hannu, Inna."

"Dahuwa uku, ko ƙwayar kanumfari ɗaya ba ta fita ba." Ta juya wajen Gwaggo. "Yayanki ma sai ya yi layi biyu kafin ya samu haka."

Gwaggo ta ce yanzu maganar zagi ake yi ko ta ɗinki? Inna ta ce ita ba ta ji zagi ba, ɗaci dai ta ji. Ta ce wa matar Auta ta yaye zanen nan, in Auta ya tashi aiki ya zo da mota ya ɗauki keken. Amma da sharaɗi: tsuntsu bakwai take so, na mako guda, kuma a rage sabulu.

"Inna, ba a shan sa."

"Ke dai ki ɗinka. Shan nawa ne."

Matar Auta ta tsaya da gefen zanen a hannu, ba ta san godiya za ta yi ba ko haƙuri za ta ba da. Gwaggo ta miƙe, ta nemi takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera, ta ce lallai gidan nan sai an ba mutum guba yake yin kyauta, da ta sani da tuni ta dafa wa Inna matashin kai. Ta fita ta bugo ƙofa har tabaran Inna ya zamo kan hanci.