Gadin Ƙafar Atiku

Yatsu biyu likita ya cire wa Atiku a ƙafar hagu, ƙaramin da mai bi masa. Da ya gama naɗe wurin da bandeji sai ya ja kujera ya zauna, ya gaya masa magana ba kwana-kwana. Ya ce taba ce ta toshe hanyoyin jinin ƙafar, shi ya sa take sanyi kamar ta gawa, shi ya sa yatsun suka yi baƙi. In ya bari yanzu, mai yiwuwa sauran su tsira. In kuwa ya ci gaba, dawowar da zai yi ba maganar yatsu za a yi ba.

Atiku ya ce ya ji, ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji. Matarsa Ummu Hani tana tsaye bakin ƙofa da kwanon abinci. Tun tana amarya take jin irin wannan rantsuwa.

Shi Atiku ɗan kabu-kabu ne, a wata mahaɗa cikin unguwar Gesse yake tsayawa da babur ɗinsa. Duk wanda ya san babur kuwa ya san ƙafar hagu ke sa giya. Da ita ake ɗora tukunya a gidan, da ita 'yarsu Sharifa ke zuwa makaranta. Tabar tun yana saurayi ya koya a bakin gulbi, lokacin da yake bin masunta, su suka ce masa tana korar sanyin ruwa. Ya bar su, ya bar ruwan, ita ta biyo shi Birnin Kebbi.

Rantsuwar ba ta yi tsawon rai ba. Ummu Hani ta ji wari a rigarsa, ya ce fasinja ne ya busa masa. Ta ji a bakinsa, ya koma tauna goro kafin ya shigo gida. Ranar da ta tsinci guntun taba a bayan randa ba ta yi faɗa ba. Ta yafa mayafi ta shiga motar Argungu, daga can ta wuce garinsu Gulma. Da la'asar sai ga ta ta dawo da uwarta, Inna Zainabu.

To, wanda ya san gidan su Ummu Hani ya san yadda suke riƙon suruki. Tun da aka ɗaura auren nan Atiku bai taɓa cin abinci gaban Inna Zainabu ba, bai taɓa kurɓar ruwa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. In ya hango ta a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, har sai an sallame shi. Ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido in ba amsa gaisuwa ba. In tana da saƙo sai ta dubi bango ko akuya ta ce, "A gaya ma mutumin ga kaza." Mutumin da ba ya iya shan ruwa gabanki, yaya zai kunna taba?

Inna ta zo da ƙullin kayanta da 'yar kujerar tsugunno. Ta dasa kujerar a tsakar gida, daidai inda ido ke kama ƙofar ɗaki da ta banɗaki da zaure gaba ɗaya.

Atiku ya ja matarsa ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. "Mi yak kawo Inna?"

"Ciwon baya. Likita taz zaka gani."

"Yaushe za ta koma?"

"Ga ta can zaune, Malam. Tambaye ta."

Bai tambaya ba, ya dai mayar da shan tabarsa mahaɗa. Amma Gesse ba a ɓoye abu, kafin a jima labari ya iso gida. Wata safiya ya iso wurin aiki ya tarar da Inna zaune ƙarƙashin dogon yaro, kan kujerarta, da farantin ƙuli-ƙuli a gabanta wai tana talla. Wurin kuwa jikin rumfar Lamidi ne, Bayarabe mai facin taya, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta zama ta Kabi. Da shi Atiku ke raba karan taba guda in aljihu ya bushe.

'Yan kabu-kabu suka samu abin yi. Wani mai suna Rabi'u ya ce, "Atiku, kai hwa ka zama babban mutum, har da mai gadi aka ba ka." Suka yi ta dariya, shi yana durƙushe takalmi a hannu yana gaisuwa.

Ya zagaya bayan rumfa ya miƙa wa Lamidi hannu. Lamidi ya zuba masa goro da asuwaki.

"Ba shi nika nuhi ba."

"Na sani. Babu. Tsohuwar ga tun sahe idonta na kaina, ni ma ban sha ba. Kuma ko akwai ba ni ba ka. Ni na ɗauke ka zuwa asibiti, na ji warin yatsun ga har cikin ƙwaƙwalwata. Tauna icce."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi kyau ba. Atiku ya zagi fasinja a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka raba su da ƙyar. Abinci ya daina yi masa daɗi, barci ya ƙi zama, ƙirjinsa kamar an cusa ƙaiƙayi. Wata rana Sharifa ta zubar da ruwan alwalarsa, ya ɗaga buta ya jefe ta, ta fasa mata leɓe. Yarinya ta tsaya jini na zuba, tsoro ya hana ta kuka. Inna ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke ta ce, "A gaya ma mutumin ga, in duka shika so, ga ni zaune. Ɗiyar ga ba ta ci mai komi ba."

Atiku ya shige ɗaki ya kifa fuska a katifa. Ummu Hani ta biyo shi bayan ta wanke wa yarinya baki.

"Ka san Inna na sa taba gari a leɓe tun kahin a haihe ni," ta ce. "Ka gan ta da batta tun da taz zaka?"

Ya girgiza kai.

"Gulma tab baro ta. Ta ce ba ta gadin mutum da taba a bakinta. Kanta ka sarawa kullum, ba ta dai hwaɗi."

Maganar ta shige shi, har ya yi hawaye. Aka samu lokaci mai ɗan tsawo bai sha ba. Ƙafar ta fara ɗaukar ɗumi daga sama, miki ya fara bushewa, likita ya duba ya gyaɗa kai. Sai dai tafin ƙafar har yanzu ko tsinke aka soka ba ya ji. Kwaɗayin ma bai tafi ko'ina ba, kwanciya ya yi yana jira.

Ranar kasuwar Argungu wani mutum ya zo da buhu, ya makara, ya ce a kai shi a babur. 'Yan kabu-kabu suka yi ta noƙewa saboda nisa, Atiku ya yi wuf ya ce shi zai je. Zuciyarsa ta riga ta yi masa lissafi: Inna da kujerarta ba su kai Argungu. Yana ɗaure buhu, Inna ta dubi tsoffin tayoyin Lamidi ta ce, "A gaya mai, Argungu ma gida ta gare mu." Atiku ya ɗauka addu'ar tafiya ce, ya ce amin.

Ya sauke fasinja a bakin kasuwa, ya je wurin mai tebur ya sayi kara guda, ya ari ashana. Ya zagaya bayan rumfunan shinkafa, inda aka jibge buhunan albasa jikin wata katanga, ya kunna. Zuƙar farko ta hau kansa har sai da ya dafa bango. Ya yi ta biyu. Yana cikin ta uku ya ji murya a bayansa.

"Wa nika gani kamar mijin Ummu Hani?"

Gwaggo Hamida ce, ƙanwar uban matarsa, wadda ke kawo shinkafa daga Gulma duk ranar kasuwa. Ya gudu daga suruka guda, ya kawo kansa garin da rabin tsofaffin kasuwa surukansa ne. Jikinsa ya riga hankalinsa aiki. Ya zame silifa, ya saki tabar ƙasa, ya ɗora ƙafar hagu a kai, ya durƙusa. Hayaƙin da ke bakinsa ya haɗiye shi.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lahiya lau. Ina su Ummu Hani? Ina 'yar ƙawata Sharifa? Bayan Zainabu ya yi sauƙi?"

Gwaggo Hamida ba a yi mata gaisuwar tsaye. Ta sauke kwaryar da ke kanta ta gyara zani. Ta ba shi labarin ruwan da ya ci fadamarsu, da tsadar taki, da wanda ya mutu, da wadda ta yi yaji ta koma, da limamin da aka canza. Atiku yana durƙushe, nauyinsa duka a kan ƙafar, yana "to", yana "Allah shi kyauta". Ba a tashi gaban suruka sai ta ce a tashi. Ƙafar kuwa ba ta gaya masa komai ba. Wutar ta shige daidai gurbin yatsun da aka cire, ta kama bandeji tana ci a hankali.

Can Gwaggo ta ja hanci. "Wa ka ƙona tsumma nan?" Ta waiga ta harari masu bandar kifi da ke gefe, ta ce mutanen yanzu ba su da tsabta. Sannan ta sa masa albarka, ta ce yaro mai ladabi irin nasa ya yi wuya, ta ɗauki kwaryarta ta wuce.

Da ya ɗaga ƙafar, bandejin ya zama gawayi, ya manne da nama. Wurin ya yi rami, fari a tsakiya, ko ɗigon jini babu.

Ya sayi safa ya sa, ya hau babur ya dawo. Bai gaya wa kowa ba, don in ya nuna ƙunar sai ya faɗi abin da ya ƙone shi. Ya riƙa wanke wurin a ɓoye da ruwan gishiri, yana kwana da safa. Ƙafar da jini ba ya isa ba ta warkar da ƙuna. Baƙin ya haura, zazzaɓi ya shigo, warin ya cika ɗaki har Sharifa ta daina shiga. Lamidi ne ya sake ɗaukarsa, wannan karon a keke mai ƙafa uku, don ba ya iya zama a babur. Likita ya buɗe safar, ya duba, bai yi faɗa ba. Ƙasa da gwiwa aka yanke.

Da ya farfaɗo, Ummu Hani na gefe idonta ya kumbura. Inna ta ce mata ta je ta nemo ruwan zafi. Tana fita, tsohuwa ta ja kujerar tsugunnonta har jikin gado, ta ɗauki kofin kunu.

"Atiku."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ja zane ya rufe fuska. Ta janye zanen.

"Dube ni. Hamida ta ba ni labarin warin tsumma, na gane. Ni naz zaka da kunya in tsare ka da ita, ita tac ci ƙahwar ga. Da ka iya tashi gaban Hamida, da yanzu tana jikinka. To kunya ta ƙare tsakaninmu. Buɗe baki."

"Inna, ba ni iyawa."

"Ka iya haɗiye hayaƙi. Buɗe."

Ya buɗe, ta ba shi kunu cokali-cokali, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Ƙahwa guda ta rage," ta ce. "Ita nika gadi yanzu. In abin ga ya taso maka, ba bango za ka gaya ma ba, ni za ka gaya ma, da bakinka."

Babur ya koma hannun Rabi'u, yana kawo abin da ya samu. Lamidi ya kafa wa Atiku ɗan tebur jikin rumfarsa, ya jera masa kwalaben fetur yana sayar wa 'yan kabu-kabu. Ya ce da gangan ya zaɓa masa wannan sana'a, don duk wanda ya ƙyasta ashana a wurin, unguwa ce za ta taru ta yi masa duka. Shi ma Lamidin bai koma wa taba ba, sai dai ya yi ƙiba, haƙoransa sun yi ja da goro.

Inna ba ta koma Gulma ba. Tana nan ƙarƙashin dogon yaro da farantin ƙuli-ƙulin da ba mai saye sai Rabi'u. Wani lokaci iska kan kwaso warin taba daga tsallaken titi, sai ka ga Atiku ya damƙe sandarsa, gumi ya keto masa.

"Inna, ya taso."

"Ni ma," ta kan ce. Sai ta kwance bakin zani ta fasa goro, ta miƙa masa rabi, su yi ta tauna har abin ya lafa.

Kullum da safe kuma, kafin ya fita, sai ya miƙe ƙafar dama a tabarma, ta ɗora tafin hannunta a kai tun daga idon sawu har yatsu, ta ce, "Da ɗumi," sannan a ba shi sanda. Ran nan hannunta ya daɗe a kan ƙaramin yatsan. Ummu Hani ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsu. Inna ta murza yatsan, ta hura masa iskar bakinta, ta sake murzawa.

"Da ɗumi," ta ce. "Gobe mu tahi likita shi duba."