Lambar da Baba Lissafi Ya Bari a Allo

Ajin da aka ba ni na Baba Lissafi ne, tsohon malamin da ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar darasi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ranar da na fara shiga, na tarar da rubutunsa a saman allo: 1022117. Masinja ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, amma da allon ya bushe sai lambar ta sake fitowa dishi-dishi. Ɗalibai suka ce tambayarsu yake ko tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Babu mai yarda ya zauna a bencin gaba.

Wata rana bayan an tashi, ina tattara alli, wata dattijuwa ta yi sallama a bakin ƙofa. Matar marigayin ce.

"'Yata, ke aka ba wurinsa?"

"Ni ce, Mama. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta zauna a bencin gaban, ta ce tun rasuwarsa take mafarkinsa tsaye ya ba ta baya, yana ƙunƙuni, bakwai ba ta shiga, sha ɗaya ba ta shiga. Tana kiransa ba ya juyowa.

"Da ransa ma haka yake, abinci ya huce yana rabe-rabe. Ki nemo masa amsar ko ya samu ya zauna."

Na gwada mata a allo. Biyu ba ta raba ta, uku ma haka, biyar kuwa ba a magana. Da na ga abin zai yi nisa na sa a waya, nan take ta ba ni.

"Tana rabuwa, Mama. Dubu da tara sau dubu da sha uku. Ɓoyewa kawai ta yi."

Na zaci za ta yi murna. Sai ta miƙe ta matso, tana bin lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Guda bakwai ne nan. Shi kuwa a mafarkin guda takwas yake faɗa."

"Mece ce ta ƙarshen?"

"Daidai nan nake farkawa."

Na ɗora hannu a gefen bakwai ɗin da ke ƙarshe, inda ta takwas za ta zauna. Wurin babu komai, amma sanyi ƙalau, alhali rana ta wuni tana dukan bangon.

Duka lambobi goman da za su iya biyowa, daga sifili zuwa tara, na lissafa mata amsar kowacce, ina faɗa tana maimaitawa har ta riƙe. Ta yi godiya ta fita.

Ba ta sake zuwa ba. Daga baya na ji ɗanta ya ɗauke ta zuwa wurinsa. Ni kuwa na nemi a canza mini aji, shugaban makaranta bai ko tambaye ni dalili ba.