Inna Doguwar Gaisuwa da Jiniyar Shugaban Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

To ku gyara zama, ga ta ta iso.

A wani babban gari, a saman wani kantin magani, akwai wani ofis da ba a sayar da komai a cikinsa, ba a kuma ƙera komai. Tambaya kawai ake yi. Tebura ashirin ne a jere, an raba su da katako kamar akurkin kaji, kowanne da kwamfuta da abin sawa a kunne. Aikin mutanen ciki shi ne su buga wa jama'a waya su ce, "Ka gamsu da aikin Shugaban Ƙasa, ko ba ka gamsu ba, ko ba ka sani ba?" Sai su danna ɗaya daga cikin akwatuna uku. Ƙarshen wata a tattara, a kai fadar Shugaban, jaridu ma su ɗauka su yi ta yayatawa.

A tebur na goma sha bakwai, kusa da tagar da ba ta rufuwa, akwai wata dattijuwa da ta shekara goma sha ɗaya tana wannan aikin. Yaran ofis suna ce mata Inna Doguwar Gaisuwa, kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Ƙa'ida ita ce minti uku kowane kira. Inna kuwa a minti ukun nan ba ta ma gama tambayar lafiyar yara ba. In mutum ya ce bai gamsu ba, ba ta iya danna akwati ta kashe waya kamar wadda aka koro. Sai ta ce, "Ayya, me ya yi zafi?" Mutum kuwa in ya samu kunne, sai ya sauke kayansa duka. Ita kuma tana da littattafai irin na 'yan makaranta, tana rubuta gari, da kwanan wata, da abin da aka faɗa mata. Ba wanda ya sa ta. Ta ce maganar mutane ce, kunya take ji ta zubar da ita a ƙasa.

Mai kula da su wani matashi ne siriri da ake kira Mai Agogo, don kowane kira sai ya rubuta lokacin da ya ci, har daƙiƙa. Ran wata Litinin ya tsaya a kanta da takarda.

"Inna, minti goma sha huɗu. Da wa kike magana, da ƙanwarki?"

"Da wata baiwar Allah ce, ɗan nan. Ƙafarta ke ciwo."

"Akwai akwatin ƙafa a kwamfutar nan?"

"Babu. Shi ya sa na sa ta a littafi."

Yara suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya rage murya ya ce Darakta, shugabar ofishin, ta ce in ba ta dawo minti uku ba zuwa Juma'a, za a ba wani teburin. Mijin Inna direban bas ne, idonsa ya fara yaushi, likita ya ce ya kusa ajiye tuƙi, ga autarsu tana tsakiyar karatun jinya. Teburin nan shi ne ginshiƙin gidan.

Ba kuma don mugunta Darakta ta faɗi haka ba, ita ma wuta ce a ƙarƙashinta. Farin jinin Shugaban Ƙasa sai zubewa yake yi kamar ruwa a kwando. Da ya hau, mutum sittin da ɗaya cikin ɗari suna tare da shi. Ya dawo hamsin da huɗu, ya dawo arba'in da shida, wannan watan talatin da takwas. Mashawartan fada suka zauna suka ce ai jama'a ba sa ganinsa ne, a fitar da shi. Aka fitar da shi. Yau ya buɗe asibiti, gobe gada, jibi makaranta, ko'ina da motoci arba'in da jiniya. Alƙaluma suka ƙara faɗuwa. Suka ce bai isa ba, a ninka. Aka ninka, suka sake faɗuwa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka ce to ofishin tambayar ne ke da makirci.

Da yammacin Laraba Inna ta dawo gida ta tarar da mijinta a falo ƙafafu cikin roba da ruwan ɗumi, hoton Shugaban Ƙasa kuma da ke bango an juya fuskarsa. Shi kuwa masoyin Shugaban ne na bugawa a jarida, har murya ya taɓa rasawa wajen kare shi a tasha.

"Malam, wa ya juya mutuminka?"

"Ni na juya shi, 'yar tsohuwa. Ya ɗan kalli bango, ya ji yadda na ji. Awa huɗu ina kallon bayan tirela! An rufe hanya tun ƙarfe tara, shi bai wuce ba sai ɗaya. Fasinjoji suka sauka suka tafi a ƙasa, wata mata da kaji goma sha biyu ta zage ni kamar ni na haifi Shugaban."

"To in na buga maka waya gobe, wane akwati zan danna?"

"Ki danna na 'ya zauna a gidansa'. Ni fa ban ƙi shi ba. Gadar da ya zo buɗewa tana da kyau. Amma sai a hana ni hawanta don a nuna mini an gina?"

Inna ta yi dariya, sai ta katse dariyar. Wannan maganar ta sha jin ta. Ta janyo jakar littattafanta daga ƙarƙashin gado, ta zauna a bakin ƙofa tana buɗawa tun da sauran haske. Ga ta a littafi na huɗu. Ga ta a na shida, shafi bayan shafi. Ta rufe, ta ce a ranta, ruwa ba ya tsami banza. Amma wa za ta gaya wa? Mai tebur na goma sha bakwai ce, kuma saura kwana biyu a kore ta.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Babban Mashawarci na fada da kansa ya hawo bene, turarensa ya riga shi shigowa. Darakta tana biye da shi tana murmushin dole. Ya zaga tebura yana leƙa kwamfutoci, ya karɓi takardar Mai Agogo, ya bi ta da yatsa, ya tsaya.

"Kowa minti uku. Wannan goma sha huɗu, goma sha shida. Me take gaya wa mutane? Ga mai zuba gubar nan, mun kama ta."

Darakta ta ce, "Ranka ya daɗe, dama yau ne za mu sallame ta."

Inna ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta cire abin kunnenta ta miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, kafin a yanke wa mutum hukunci ai a kan ji laifinsa. Ka sa wannan. Kai ka zaɓi lambar, ni in kira."

Ya zaɓa da kansa, daga garin da Shugaban ya buɗe asibiti makon jiya, don ya tabbata can sai yabo. Wani dattijo ya ɗauka. Inna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi jiki, Babban Mashawarci yana ta kallon silin. Sannan ta yi tambayar. Dattijon ya ce bai gamsu ba.

"Ayya, Baba, me ya yi zafi? Ba an gina muku asibiti ba?"

"An gina, 'yata, Allah ya saka. Amma ranar da aka zo buɗe shi, aka kori marasa lafiya daga tsohon, wai kar su ɓata hoto. Aka rufe kasuwa tun asuba. Jikokina aka jera su a rana da tutoci, ƙaramar ta faɗi. Shi kuma ya wuce fuu, gilashi baƙi, ko hannunsa ban gani ba. Ki gaya masa in zai ƙara yi mana alheri, ya aiko da shi kawai."

Babban Mashawarci ya cire abin kunnen a hankali. Ya ce, "Tsoho ɗaya ne."

Inna ta sunkuya ta ɗauko jakarta, ta zazzage littattafai tara a kan teburin. "Ga 'yan'uwansa, ranka ya daɗe."

Ya buɗe ɗaya, ya karanta, fuskarsa ta canza. Ya buɗe wani. Can ya ɗago ya ce, "Wannan da ya ce a sayar da jiniya a sayi hankali, ina sunansa? Ba ni lambarsa."

"Babu suna a ciki, babu lamba."

"Kin san su ai."

"Duk wanda na kira, sai na ce masa maganarsa amana ce. Ko na sani ba zan faɗa ba. In don wannan ne, ga teburin, ga kujerar."

Darakta ta rufe ido. Sai Mai Agogo, wanda tun ɗazu yake leƙen littafin ta kafaɗar baƙon, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni jerin ranakun da Shugaba ya fita. Minti goma kawai."

Kun san mutumin da ke rubuta daƙiƙa ba ya wasa da kwanan wata. Ya jera garuruwan da aka ziyarta gefe guda, waɗanda ba a je ba gefe guda, ya ɗora alƙaluman ofis a kai. Bai ma cika minti goman ba ya juyo da kwamfutar. Duk garin da jiniya ta shiga, makon da ya biyo baya sai farin jini ya faɗi warwas. Inda ba a je ba kuwa, da kyar ya motsa. Gari goma sha tara, babu wanda ya saɓa.

Babban Mashawarci ya nemi kujera ya zauna, a kujerar Inna ma. Shi ne ya kawo shawarar ninka fitar. Ya ce a hankali, "Wato garin neman gira muka rasa ido."

Inna ta ce, "Ba shi kaɗai ba ne, kar in yi maka ƙarya. Akwai tsadar kaya a ciki, akwai wutar lantarki, akwai samarin da ba aiki. Waɗannan sai an daɗe ana fama. Amma jiniya, ranka ya daɗe, yau ɗin nan za ka iya kashe ta. Mutum ba ya auna Shugaba da abin da aka faɗa a talabijin. Da yadda ya wuni yake auna shi."

"Ba ni littattafan in kai masa."

"Aro dai. Ka sa hannu wajen ɗan nan, ya rubuta lokacin da ka karɓa."

Mai Agogo ya duba agogonsa da gaske ya rubuta, yara suka kasa riƙe dariya, har baƙon ya taya su.

Abin da ya faru a fada, Inna ba ta gani ba, ni ma ba zan ƙirƙira muku ba. Abin da ta sani shi ne, bayan mako uku mijinta ya shigo gida yana kiranta tun daga ƙofa.

"'Yar tsohuwa! Ke 'yar tsohuwa! Kin san wa ya tsaya kusa da ni a danja? Mota uku kacal, ba jiniya. Wuta ta yi ja, ya tsaya kamar kowa. Ya sauke gilashi ya ce mini, 'Direba, yaya hanya?'"

"Me ka ce masa?"

"Na ce akwai rami a gaban gidan mai, ya bi a hankali!"

Ya wuce bango ya juyo da hoton, ya goge shi da hannun riga.

Wata na farko alƙaluma suka tsaya cak, suka daina zuba. Na biyu suka hau arba'in da uku. Kafin shekara ta zagayo sun kai hamsin da biyu, suka zauna nan, don tsadar kaya tana nan, mutane kuma ba wawaye ba ne. Littattafan suka dawo cif tara, da wata takarda daga fada mai cewa daga yau a ƙara akwati na huɗu a tambayar, babba, wanda za a rubuta dalilin mutum da bakinsa.

Ranar da aka karanta takardar, Mai Agogo ya zo tebur na goma sha bakwai yana sosa ƙeya.

"Inna, wai ke za ki koya wa yara yadda ake tambayar."

"To ɗan nan, kai zan fara da kai. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mahaifiyarka da ƙafa?"

"Inna, minti nawa wannan zai ci?"

"Ajiye agogon ka amsa."

Ya ajiye, ya amsa.

Inna ta riƙe teburinta shekara shida bayan haka, kuma aka gyara mata tagar. Mijinta ya ajiye tuƙi, ya koma tasha yana ba matasan direbobi labarin danja har suka haddace. Autarsu ta gama karatu, ta kama aiki a asibitin nan da dattijo ya yi magana a kai. Darakta ba ta rasa aikin da fada ke ba ofishinta ba. Mai Agogo ya gaje ta daga baya, ya mayar da ƙa'ida minti takwas. Babban Mashawarci ya koma koyarwa a jami'a. Shugaban Ƙasa kuwa ya ƙarasa wa'adinsa da mota uku, ya sauka lafiya, ramin gaban gidan mai ma an cike shi.