Azara Goma Sha Biyu

Kyauta na juye tulu na uku a randa ta hangi Ishaƙ tsaye a ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga kai sama, leɓensa na motsi. Ba tasbihi yake yi ba. Azara yake ƙirgawa.

"Mai unguwa, in sun haihu ka gaya mini," in ji ta. "Ni dai sha biyu na sani tun yayanka na raye."

Ishaƙ ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ƙanin mijinta ne, a gabanta ya girma, kuma rawanin mai unguwa bai sa ta daina yi masa tsiya ba.

Rumfar tana gefen hanyar fatake da ta taso daga Maigatari ta nufi Gumel, a gindin wani tudun yashi. Marigayi Ɗantsoho, mijin Kyauta, shi ya kafa ta. Ƙasar nan ba ta giginya ba ce, don haka sai da ya yi tafiyar kwana uku zuwa fadamar Haɗeja ya saro azara, ya yi ta jigilarsu har rani biyu. Da ya gama ya kafa doka ɗaya tak: ba a karɓar ko wuri a hannun matafiyi, amma duk wanda ya sha inuwar nan, in zai sake wucewa ya taho da damin shuci ya ɗora a rufin da hannunsa. Shekara talatin ana haka, har rufin ya yi kaurin da ruwan Agusta ba ya ratsa shi. Ciyawar Damagaram na ciki, ta Kazaure na ciki. Lokacin yunwar Kakalaba a nan mutanen arewa suka riƙa zubewa, waɗanda suka tashi suka tashi, sauran kuwa kaburburansu na nan a bayan rumfar.

"Yaya Kyauta, saƙo ne ya zo daga sama," in ji Ishaƙ, yana kallon gefe. "Za a gina wa Bature bariki a kan tudun can, in ya zo rangadi ya sauka. An raba wa kowace unguwa kasonta. Mu azara sha biyu aka ɗora mana, cikin kwana bakwai."

"To, ku ɗauki gatura. Hanyar da Ɗantsoho ya bi ba ta toshe ba."

"Gero ya nuna, tsuntsaye sun sauka. Wa zai bar gonarsa kwana bakwai?" Ya gyara murya. "Kuma kin san rumfar nan ba ta da magaji namiji."

Kyauta ta aje tulun a hankali. Ko kaɗan gabanta bai faɗi ba. Garin nan babu gidan da bai sha ruwan randarta ba, ta kuwa tabbata mutane ba su da saurin mantuwa haka.

"Tara mini dattawa," in ji ta. "A gabansu za ka maimaita."

* * *

Bayan azahar suka zauna a ƙofar masallaci. Kyauta ta tsuguna daga gefe, ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan, a rumfar aka haifi ƙanwarsa ranar da ruwa ya tsare uwarsu a hanya. Wancan, fataken da ke sauka nan ne ke sayen dawarsa. Na ƙarshen kuwa, kawunsa na cikin waɗanda ke kwance a bayan rumfar.

"Ƙarya na yi?" ta tambaya.

"A'a, Iya, ba ki yi ƙarya ba."

"To, ku goma sha biyu ne a nan, azara sha biyu ake nema. Kowa ya ba da ɗa ɗaya, sauran su tsare masa gona. Ni zan yi musu guzuri."

Kowa ya samu abin kallo a ƙasa, sai ka ce ranar suka fara ganin yashi. Can wani mai furfura ya ce, "Iya, haƙuri maganin zaman duniya. Allah ya saka wa Ɗantsoho, ladansa ya riga ya samu."

Ta san irin wannan haƙurin. Shi ne wanda ake ba marar gata in an gama shawara a bayansa. Ashe tun jiya suka yanke, kayan da aka ɗoro daga sama kowa ya kauce masa, ya gangaro har kan wadda ba ta da mai tsaya mata.

Washegari da hantsi matasa suka zo da igiya. Ba su iya haɗa ido da ita ba. Suka yaye rufin shekara talatin, wata ƙura mai ƙamshin tsohuwar ciyawa ta tashi, suka kwance azara, suka tuge dirkoki ma don kada a ce kason bai cika ba. Shucin kuwa kowa ya ja rabonsa zuwa rumbu. Ishaƙ bai zo ba, wai ciwon kai.

Kyauta ba ta yi kuka ba, amma abin ya ci mata rai ƙwarai. Baturen da ba ta taɓa gani ba bai dame ta ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

* * *

Bazara ta shigo da zafinta. Bariki ya tsaya a kan tudu, an shafe shi da farar ƙasa. Bature ya zo sau ɗaya, ya kwana ɗaya, ya ce sauro ya yi yawa. Tun daga nan ƙofar ke rufe, an sa mai gadi da sanda yana korar duk wanda ya raɓi inuwar.

Kyauta ba ta fasa ba. Kullum tulu uku, ta cika randa, ta rufe da faifai, ta zauna a rana kusa da ramukan dirkoki.

Wata ranar Laraba da tsakar rana sai ga Ya'u, tsohon bafatake daga Damagaram, da jakunansa biyar na kanwa. A kan na gaba an ɗaure damin shuci mai kyau, dogo, an tsefe shi. Ya tsaya ya dubi filin, ya dubi tudu, ya sake duban filin.

"Iya, ɓatan hanya na yi, ko idona ne?"

"Idonka lafiya lau, Malam Ya'u. Sauko ka sha ruwa."

Ya sha moɗa biyu, ya kwance damin, ya tsaya riƙe da shi a ƙirji yana waige-waige.

"To, ina zan ɗora?"

"Doka ba ta tashi ba," in ji Kyauta. "Aje shi can kan 'yan'uwansa."

A gefen randa akwai dammai tara da wasu suka kawo kafin shi, an jingina su. Ya'u ya ɗora na goma. Sannan ya duƙa a gindinsu, ya cusa kansa cikin 'yar inuwar da ba ta kai tabarma ba, ƙafafunsa a rana. Can kan tudu, inuwar azarar Ɗantsoho ta shimfiɗu faffaɗa, mai gadi na kwance a ciki shi kaɗai.